Ni Na Ba Ƙanwata Maganin, Ungozoma Za A Hukunta

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana da na garinmu. Sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Ba zan ce kada ku zage ni ba, don na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin wasiƙun mutane, na san wasunku layi biyu suke karantawa su fara jifa. Abin da nake roƙo kawai, ku bari ku kai ƙarshe. Wanda ya kai ƙarshe ya ga zagi ne ya dace, bismillah, ba zai faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba. Amma ni shawara na zo nema, kuma kwana biyar suka rage mini.

Ni mace ce, na haura shekara arba'in. Na yi aure bai ɗore ba, Allah bai ba ni haihuwa ba. Aikina a wani gidan rediyo ne a Kano: ina fassara labarai, ina karanta sanarwa, kuma na daɗe ina gabatar da shirin lafiyar iyali. Garinmu ƙauye ne a arewa da birni, ta hanyar Bici, irin ƙauyukan da gona take farawa daga bakin zaure, gidan wannan yana jin tarin gidan wancan. Mahaifiyarmu ta rasu tun ƙanwata Habi tana ƙarama, ni na ƙarasa renonta, ni na aurar da ita ga Malam Sabi'u, manomi kuma malamin Islamiyya a garin. Ku riƙe wannan: a wurin Habi ni ce uwa.

Shekarun baya ƙaramar hukumarmu ta tsara aikin ungozoma. Aka tara su aka yi musu bita, aka rubuta sunayensu a rajista, aka ba kowacce kati mai hoto ta rataya a wuya. Ƙa'idar a fili take: ungozoma ba za ta karɓi haihuwa a gida ba sai in ta zo ba shiri, ba za ta ba mai naƙuda magani kowane iri ba, na gargajiya ko na bature, aikinta ta raka mace asibiti ta kula da ita bayan an dawo. Wadda ta saɓa, a karɓe katinta a soke sunanta, in an yi asarar rai a miƙa maganar gaban shari'a. Na san ƙa'idar nan kamar tafin hannuna, domin ni na karanta irin wannan sanarwa a rediyo, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kuma har gobe ina ganin ƙa'ida ce mai kyau. Wanda yake jira in zage ta ya nemi wata wasiƙar.

Ungozomar garinmu zan kira ta Iya Kande. Tsohuwa ce busasshiya mai kaifin harshe, ta gaji aikin daga uwarta. Ita ta yanke mini cibi, ita ta yanke wa Habi, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Gaskiya ɗaya ce, ba na son matar nan, ita ma ba ta so na. Tun da ta fara jin muryata a rediyo ina cewa a daina haihuwa a gida take kirana 'yar rediyo. A wani suna, mata cike da tsakar gida, na gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "A'a, malamarmu ce ta zo! Ku matsa mata. Ga wadda ba ta taɓa durƙusawa ba, ita ke koya mana durƙuso." Mata suka kwashe da dariya. Ni ma na yi murmushi na ce, "Iya, ai likitan da ke yin tiyata ma ba sai an taɓa yanka shi ba." Ta ce, "Shi ai ya ga jini. Ke takarda kika gani." Shekara shida ke nan, kuma zan iya faɗa muku kalar zanen da ta ɗaura ranar.

A kakar bana Habi ta shiga watan haihuwarta, ciki na huɗu. Ukun farko duk mata ne, duk lafiya ta haife su. Na ɗauki hutun mako guda na tafi gida don in kasance tare da ita. Ranar Litinin da safe ciwo ya fara, Habi ta ce, "Yaya, a aika wa Iya ta zo ta raka mu." Na ce ina tsaye a gidan za a kira wata? Me za ta faɗa wa ma'aikatan asibiti da ni ba zan iya faɗa ba? Habi ba ta musu da ni. Muka je ƙaramin asibitin da ke garin gaba, ma'aikaciyar ta duba ta, ta cire safar hannu ta ce bai buɗe ba, mu koma sai ya kankama. Talata muka sake komawa, ta sake dubawa, ta sake cewa mu tafi, gado biyu gare su kuma duk da mutane. Na tsaya ina yi mata bayani a tsanake, cewa kwana biyu ke nan yarinyar nan ba ta runtsa ba, ta gane muryata ta ce, "Hajiya, nan fa ba rediyo ba ne. In kin san aikin ga safar hannu." A gaban mata masu jiran awo ta faɗa. Na ɗauko ƙanwata muka dawo.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A wurin awo ana ba masu ciki wasu ƙwayoyi guda uku a ɗan ƙunshi, a ce su ajiye, in haihuwa ta zo musu a gida ba shiri su haɗiye bayan jariri ya fito, don tsayar da zubar jini. Bayan ya fito. Na taɓa yin shiri guda a kan maganin nan da wani likita, ya yi bayani cewa aikinsa matse mahaifa, ya ce a asibiti ma wani lokaci sukan yi amfani da ɗan kaɗan daga cikinsa su tayar da naƙuda, suna tsaye a kan mace suna lura. Sannan ya ce kada a kuskura a ba mai ciki a gida tun jariri yana ciki. Ni na maimaita wannan gargaɗi da bakina a ƙarshen shirin, har sau biyu, don ya shiga kunnen matan ƙauye. To ranar Laraba da hantsi, maza duk suna gona ana yankan dawa, mata suna roron wake, gidan daga ni sai Habi. Tana jingine da bango, ciwo ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, ba ya gaba ba ya baya, leɓɓanta sun bushe. Hutuna washegari zai ƙare. Na zauna ina kallon jakar kayan haihuwarta a rataye, ina tuna fuskar ma'aikaciyar nan, ina cewa a raina ba za a sake koro ni karo na uku ba. In dai naƙuda mai ƙarfi suke so kafin su karɓe ta, to bari mu je musu da ita. Ba ruɗewa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzuri. A nutse na yi tunanin, na ɗauki rabin maganar likita na ajiye rabi. Na buɗe jakar, na ɓare ƙunshin, na ɗebo ruwa a kofi. Habi ta ce, "Yaya, ba na bayan haihuwa ba ne wannan?" Na ce, "Ni da ke wa ya fi sani?" Ta karɓa ta haɗiye duka ukun.

Ba a yi awa ɗaya ba ciwo ya taso, amma ba irin wanda nake jira ba. Ba ya sakin ta ko na numfashi ɗaya. Habi da ta haifi 'ya'ya uku ba a taɓa jin muryarta a bayan zana ba, don kun san yadda matanmu suke ɗaukar kuka a wurin naƙuda abin kunya, ranar nan ta yi ihun da har yau ina jin sa in na sa abin sauraro a kunne zan fara aiki. Maƙwabciyarmu da ta dawo ɗaukar buhu ta leƙo, ba ta tambaye ni komai ba, ta juya da gudu. Sai kuma ihun ya tsaya cak. Habi ta yi laushi, gumi mai sanyi ya rufe ta, jini ya fara bin tabarma. Ni da na yi shekaru ina lissafa wa mata alamomin haɗari ɗaya bayan ɗaya, na tsaya riƙe da kofi kamar an dasa ni.

Iya Kande ta shigo da ƙaiƙayin wake a zanenta, katinta na lilo a wuya. Ta durƙusa ta ɗora hannu a kan cikin Habi, ta ja fatar idonta ta duba, sannan idonta ya sauka ƙasa, gefen tabarma, inda ɓararren ƙunshin yake. Ta ɗauka, ta juya shi, ta ɗaure a bakin zanenta. Sau ɗaya ta kalle ni. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa maƙwabciyar, "A tsayar da duk motar da aka gani a hanya. Kuma ba ƙaramin asibiti ba, babba za mu." A bayan a-kori-kura mai ɗaukar albasa muka tafi, kan Habi a cinyar Iya, tana kiran sunanta tana mari a kumatunta kada ta yi barci, ni kuma ina gefe riƙe da jakata.

Mahaifar ta fashe. Aka yi mata aiki aka ceto ranta, amma aka cire mahaifar gaba ɗaya. Jaririn namiji ne, bai zo da rai ba. Da likita ya fito, ni da Iya da Malam Sabi'u, wanda aka ɗauko daga gona ko ƙafa bai wanke ba, muna tsaye a baranda. Likitan ya ce, "Wannan ba haka kawai ya faru ba. Me aka ba ta?" Idonsa ya wuce ni, ya wuce mijin, ya tsaya a kan katin da ke wuyan tsohuwa. "Ke ce ungozoma?" Ta ce, "Ni ce." "Me kika ba ta?" "Ban ba ta komai ba." "To wa ya ba ta?" Iya ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Ya sake tambaya da faɗa, ya ce kullum ana gaya musu, kullum sai sun kashe sannan su kwaso gawa su kawo. Ta ci gaba da shiru. Ina tsaye kafaɗata na kusan taɓa tata, da tabarau da jaka da hijabi mai guga. Wa zai kalle ni? Wane likita ne zai ga ungozomar ƙauye da matar rediyo, ya zargi matar rediyo?

Wanda bai san al'adar ba zai ce me ya hana ta nuna ni. A garinmu ungozoma ba ta faɗin abin da ta gani a ɗakin haihuwa. Ba wa miji ba, ba wa dagaci ba, ba wa limami ba. Tana ganin tsiraicin kowace mace, tana jin abin da mai naƙuda take faɗa in azaba ta kwance mata baki, tana sanin cikin da watanninsa ba su yi daidai da ɗaurin aure ba. Shi ya sa ake buɗe mata ƙofa. Sukan ce abin da ido ya gani a ɗakin, tare da mabiyiya ake binne shi. Uwarta a kan haka ta mutu, ita ma a kan haka ta karɓi aikin. Bitar hukuma ta koya musu wanke hannu da gane haɗari, amma ba wanda ya tuna ya ce musu wata rana za a tsayar da su a tambaye su abin da suka gani. Ni kuwa na san wannan. Na san shi tun a barandar nan. Shirun da na yi ba na tsoro ba ne kaɗai, shiru ne na wadda ta tabbata ba za a tona ta ba.

Da a nan abin ya tsaya ma da sauƙi. Bayan kwana bakwai Malam Sabi'u ya zo ya same ni, idonsa ja. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, tsohuwar nan ta kashe mini ɗa, ta nakasa mini mata, kuma tana yawo da katin hukuma a wuya. Wallahi sai ta tsaya gaban alƙali. Ke kika iya rubutu, ki rubuta mana ƙara zuwa ofishin lafiya." Me kuke tsammani na ce? Na ce ya yi haƙuri, ƙaddara ce. Ya ce ya yarda da ƙaddara, amma gobe matar wani ce. Na ce a bari Habi ta warke. Ya ce in ba zan rubuta ba zai kai wa wani, kuma zai yi mamakin yayar da ba ta jin zafin jinin ƙanwarta. Sai na karɓi takarda. Na rubuta ta da duk gwanintar da aikina ya koya mini: an ba mai naƙuda magani a gida, likita ya tabbatar, ungozoma ce ta kawo ta asibiti, da aka tambaye ta wanda ya bayar ta ƙi amsawa, muna roƙon a bincika. Ku duba da kyau, babu jimla ɗaya ta ƙarya a ciki, kuma gaba ɗayanta ƙarya ce. Ya sa hannu, ya yi mini godiya har da addu'a.

Cikin mako biyu aka zo aka karɓe katin Iya, aka ce ta dakata har a yi zama. Gari ya rabu. Wasu matan suka daina gaishe ta, wata a bakin rijiya ta kira ta mai kashe 'ya'yan mutane. Wasu kuma suka ce shekara nawa tana wannan aiki ba a taɓa jin ta ba wa mace ko jiƙo ba tun da aka hana, me zai sa yanzu? Ba wanda ya ambaci sunana. Ni da nake zuwa duk ƙarshen mako da lemo da madara, sai ma yabo nake sha: ga 'yar'uwa ta gari.

Habi fa? Habi ta sani. Ita ta haɗiye, daga hannuna. Da mijinta ya tambaye ta bayan ta farfaɗo, ta ce masa azaba ta gusar mata da hankali, ba ta san abin da aka ba ta ba, ba ta san wanda ya ba ta ba. Wata guda ba ta ce mini komai ba ban da amsa gaisuwa. Ranar Asabar da ta wuce na shiga ɗakinta na ajiye leda, ta dube ta ta ce, "Yaya, ɗauki kayanki." Na ce na 'ya'yanta ne. Ta ce, "Ranar da Allah ya dawo mini da raina, maganar farko da na yi wa mijina ƙarya ce, saboda ke. Na tambaye ki, na ce ba na bayan haihuwa ba ne? Kika ce mini me?" Na miƙa hannu na ɗauki ledar. Ta ce, "Maimaita mana. Ai kin iya maimaita magana." Ban iya ba. Ta juya fuskarta bango ta ce, "Ba zan faɗa ba, don ke kika goya ni. Amma kada ki sake shigo mini da lemo."

Daga ɗakinta na wuce gidan Iya Kande, karo na farko tun abin. Da la'asar ne, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

"'Yar rediyo. An zo ɗaukar labari?"

Na ce, "Iya, na zo mu yi magana."

"Ai kin yi. An karanta mini takardarki. Hausa kamar a lasa. Har na ce wa mai karantawar, kai, wannan ungozoma muguwa ce, a kama ta."

Na ce Malam Sabi'u ne ya matsa. Ta ce, "Shi ya riƙe miki alƙalamin?" Sai na tambaye ta abin da ya kawo ni, kuma ku ji irin mutumin da nake: ban tambaye ta yadda take ba, na ce ina ƙunshin da ta ɗauka? Ta ajiye gyaɗar ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Au, shi ya hana ki barci? Kwantar da hankalinki. Da suka ba mu mabiyiya a asibiti na haɗa da shi na binne a bayan ɗakin ƙanwarki. Ba don ke na yi ba, kada ki ɗauka ina ƙaunarki. Haka na tarar ana yi."

Na ce to ranar zama me za ta ce? Ta ce, "Abin da na ce wa likita. Ban ba ta ba. In suka ce wa ya ba ta, in kalli ƙasa." Na ce za su soke sunanta, Malam Sabi'u kuma kotu yake nufi. Ta ce, "Na sani. In na buɗe baki a kanki yau, gobe wace mace za ta bar ni in shiga ɗakinta? Kati hukuma ta ba ni, ta karɓi abinta. Bakin nan kuwa uwata ta ba ni." Ta ɗauki gyaɗa ta ci gaba, sannan ta ƙara da cewa, "Abu ɗaya ne yake ci na. Da kin bari ta kira ni tun Litinin, da ba a koro ta ba. Ni in na kai mace, a bakin ƙofarsu nake shimfiɗa zane in zauna, ba na yi musu turanci, ba na tashi. Sun san ni. Amma ina, malama tana gida. Ƙaramin sani ƙuƙumi." Na miƙe zan tafi, ta ce, "Ni na yanke miki cibi, ban ga alamar rashin kunya a jikinki ranar ba. A birni kika samo."

Ku ce mini duk abin da kuke so, amma na fito gidan nan ina jin haushinta fiye da yadda na shiga. Da ta zage ni a bainar jama'a, da ta nuna ni da yatsa, da na san yadda zan yi da ita. Wannan shirun nata ya fi mari. Har na kama kaina ina tara mata laifi: ai kafin a kafa ƙa'ida wa ya san matan da suka mutu a hannunta, wa ya san irin yankan da ta yi wa mata a da, ko ba wannan ba tana da wani a wuyanta, kuma tsohuwa ce, shekara nawa suka rage mata a aikin? Na san wannan tunani. Na sha jin irinsa a bakin waɗanda nake yi wa tambayoyi in gaskiya ta ƙure su. Ba hujja ba ce. Ba a tuhumar ta da abin da ta yi shekara talatin da suka wuce, ana tuhumar ta da abin da na yi ranar Laraba da hantsi.

Ga inda nake yanzu. Laraba mai zuwa za a yi zaman a ƙofar gidan dagaci, jami'an lafiya na ƙaramar hukuma za su zo, da limami, da kwamitin lafiya na gari. In ta ƙi faɗin wanda ya bayar, sun ce za su ɗauka ita ce, su soke ta, su miƙa maganar gaba. Jiya dagaci ya kira ni a waya. Ya ce tunda Allah ya ba garinmu 'ya mai ilimi da murya, kuma ni ce uwar mai jegon, ni zan tashi in karanta takardar ƙarar a gaban jama'a don kowa ya ji da kyau. Na ce, "To, ranka ya daɗe." Bakina ne ya faɗa tun kafin in yi tunani, kamar yadda yake yi in an kunna jar fitila a ɗakin shiri.

In na faɗi gaskiya, aikina ya tafi, wannan ba na ko tantama. Wa zai sake sauraron shawarar lafiya daga bakina? Kotun da ake shirya wa Iya ni za ta koma wa, kuma ta dace da ni. Da iya nan ne, wataƙila da na daure. Amma Malam Sabi'u zai gane matarsa ta dube shi daga gadon asibiti ta yi masa ƙarya, ta bar shi ya yi rantsuwa a kan baiwar Allah, ta bar shi ya sa hannu a takardar wadda ta kashe masa ɗa. Macen da aka cire wa mahaifa, da 'ya'ya mata uku ƙanana, ita zan sake jefawa a wani halin? Na riga na raba ta da ɗa, in raba ta da miji? In kuma na yi shiru, zan tashi tsaye in gyara murya in karanta, tsohuwar nan tana zaune a kan tabarma tana kallon ƙasa, ƙanwata tana bayan zana tana ji, mu uku mun sani, sauran gari suna gyaɗa kai. Daga nan a tafi da ita. Kuma na san ko a gaban alƙali ba za ta faɗa ba.

Masu cewa in je in tuba tsakanina da Allah, na yi, ina kan yi, amma istigfari ba ya mayar wa mutum katinsa. Masu cewa in lallashi Malam Sabi'u ya janye, na gwada, ya ce maganar ta fita hannunsa, ko ya janye ofis ba zai janye ba. Masu cewa in ƙirƙiri ciwo in ƙi zuwa, wani zai karanta takardar, kuma har yanzu rubutuna ce. Don Allah kada wani ya rubuto mini cewa Allah ya ba da mafita ya wuce. Na gode, amma na fi bukatar wanda zai ce mini ga ƙafar da zan fara ɗagawa. In fara zuwa wurin Habi in nemi izininta, alhali na san za ta ce a'a? In sami mijinta shi kaɗai kafin Laraba? Ko in bari sai an miƙo mini takardar, in ninke ta, in faɗi abin da ba a rubuta ba?

Kwafin takardar yana gabana yanzu, na haddace ta tun ban so ba. Matar da na fi tsana a garinmu ta ɗaure laifina a bakin zanenta ta binne, ni kuma an ce in zo in karanta nata da muryar da ta ce takarda kawai ta sani.

Me zan yi?